Gashin Waliyyi

São Paulo, Mayu 1987

Goggo Gercina,

Ki sa mini albarka. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Edivan da awakinki da duk mai tambayata a Serrote Branco. Ya gwiwar? Har yanzu kina shafa mata kitsen kaza kina zagin likitoci? Ni lafiya ƙalau, sai sanyin garin nan da ya fara shiga ƙashi. A kamfanin ɗinki sun mayar da ni kan wuyan riga, daga safe har yamma, ko ido na rufe wuyan riga nake gani.

Hoton Edivan ya iso. Goggo, wannan gashi! Har gadon baya. Dalva, wadda muke haya ɗaki ɗaya, ta karɓa ta ƙura masa ido ta ce, "Neide, ashe 'ya mace gare ki kike ɓoye mana? Na yi wa ɗana kamu." Na ce mata namiji ne, kuma gashin ba nasa ba ne. Na gaya mata bakancen da kika yi wa Waliyyi Francisco ranar da aka shiga da shi tiyata yana jariri, cewa in ya fito da rai, almakashi ba zai taɓa kansa ba sai ya cika shekara bakwai, wato Oktoban nan, an kai shi Canindé, garin ziyarar waliyyin. Ta ce, "To Allah ya kai mu Oktoba kafin samari su fara sallama."

Ga abin da ya sa na kasa jira. A bas na ga wata yarinya da jariri, kansa ya yi girma, maɗigarsa ta kumburo, idanunsa sun yi ƙasa, sak Edivan yana wata huɗu. Ta ce surukarta ta ce kambun baka ne. Na wuce tashata ina yi mata bayanin da Dokta Evandro ya yi mana a Fortaleza. Na ce mata a tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu, a nan jiki ke yin wani ruwa garai-garai, dare da rana ba hutu. Ruwan yana bi daga ɗaki zuwa ɗaki ta wata siririyar hanya, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye shi. In hanyar ta toshe, ruwan ba ya fasa zuwa, kamar madatsar garinmu ce a ce ba ta da magudana. Na nuna mata a jikina inda aka sa wa nawa 'yar tiyo, daga bayan kunne ta bi ƙarƙashin fata har ciki.

Da na sauka sai tunanina ya koma kan nawa yaron. Goggo, ƙashin kan Edivan ya haɗe tuni. In tiyon nan ya toshe yanzu, kan ba zai ƙara girma ya nuna miki ba, ruwan zai tsaya ciki ya yi ta matse ƙwaƙwalwa. Na san kin sani, amma ki bar ni in maimaita: ciwon kai, amai da safe, yawan barci, ko ya ce yana ganin abu bibbiyu. Ko ɗaya kika gani, sai Fortaleza.

Ki sumbace mini shi. Ki ce mamansa na zuwa bikin askinsa in sun ba ni hutu.

'Yarki,
Aurineide

*

Serrote Branco, ƙarshen Yuni 1987

Neide,

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki hankali. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda kika bar ta, kitsen kaza kuma bai taɓa sa ni layi ba. An yi ruwa bana ba laifi, wake ya yi, masara ta yi. Baƙar akuyar ta haifi biyu.

Na karanta darasinki na ɗakuna huɗu. Sannu, Dokta. Ni ce na riƙe yaron nan a cinyata lokacin da ake zana miki ɗakunan kina kuka ba kya ko gani. Ni ce na riƙe shi da ubansa ya tafi Pará haƙar zinariya bai waiwayo ba, ni ce kuma na riƙe shi da kika hau motar São Paulo yana ɗan shekara uku. Ni na tsaya masa a baftisma, shi ya sa yake kira na Dinda. Tiyon nan kullum ina jin sa a ƙarƙashin yatsana in ina taje masa kai. Ba sai an aiko mini da tuni daga gari mai sanyi ba.

Ki gaya wa Dalvarki ta ja bakinta. Nan ma yara sun dame shi da "amarya, amarya". Rannan ya shigo yana huci ya ce, "Dinda, ni fa in aka yi mini aski sai na mari Zequinha, shi ya fi kowa tsokana ta." Na ce, "Ka bari a yi askin, ni zan riƙe maka shi." Na riga na ɗinka masa rigar waliyyi, ruwan ƙasa, da farar igiya ta ƙugu. Na kama mana wuri a motar Seu Aldemir da ke kai masu ziyara. Oktoba kamar gobe ne.

Yaron ya yi hankali kwanan nan, duk ƙiriniyar nan ta ragu. Bikin waliyyi São João ma da aka hura wuta a ƙofar gida yara suna ta tsalle, shi yana kwance a ragar lilo, ya ce ƙarar 'yan wasan wuta na shiga masa kai. Ya ɗan yi amai da safe sau biyu ko uku. Kada ki fara tsalle, gasasshiyar masara ce ya ci ba ƙaƙƙautawa, ga mazarƙwaila a kai. Na ba shi shayin ganye, ya yi barcinsa mai yawa, ya tashi garau.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Goggonki,
Gercina

*

São Paulo, Yuli 1987

Goggo,

Ki sa mini albarka. Ina fata kuna lafiya, amma ban yarda kuna lafiya ba.

Takardarki ta yi ta yawo a hanya, sai yau ta zo. Ciwon kai, amai da safe, barci. Uku cikin huɗu kika lissafa mini da hannunki, sannan kika ce masara! Yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya kwanta a raga ana wasan wuta, kika ce hankali ya yi? Goggo, don girman Allah, ranar da takardar nan ta same ki, ki bar awaki, ki bar wake, ki ɗauke shi zuwa wurin Dokta Evandro. Kada ki tsaya a ƙaramin asibitin Quixadá, ba su da abin ɗaukar hoton kai.

Na je wurin shugabar sashenmu na ce zan tafi gida. Ta ce, "Ƙofa a buɗe take, Aurineide, amma keken ɗinkinki ba zai jira ki ba." Ba don ke ce a wurin ba, da yanzu ina mota. Ban taɓa shakkarki a kan yaron nan ba. Abin da likita ya ce a yi, a yi, na ba ki bakina da hannuna. Ki rubuto mini abin da ya faɗa, kada ki rage komai.

Aurineide

*

Serrote Branco, Yuli 1987

Neide,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, gwiwa ce dai ta sha hawan benen asibiti.

Mun je. Dokta Evandro ya tsufa, kansa ya yi fari. Ya gane yaron, ya ce, "Kai, ɗan sarkin gashi, har ka yi wannan girma?" Ya haska idanunsa da 'yar fitila, ya danna bayan kunnen, aka ɗauki hoton kai. Mun dawo gida. Akwai ƙwayoyin da yake sha in kan ya tashi. Za mu koma a Oktoba.

Ki zauna a kan kekenki. Ba abin da za ki zo ki yi a nan da ba na yi. Waliyyin da ya fito da shi daga wuƙa yana jariri bai yi tafiya ba.

Goggonki,
Gercina

*

São Paulo, Agusta 1987

Goggo,

Ki sa mini albarka. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina gaida gwiwa.

Na karanta takardarki a bakin ƙofar kamfani na zauna a ƙasa na yi kuka, har mai gadi ya kawo mini ruwa. Tunda likita ya gani ya sallame ku har Oktoba, ai tiyon yana aiki ke nan. Ashe da gaske masara ce! Goggo, ki yafe mini. Na yi miki magana kamar wadda na ɗauka aiki, ke da kika raine ni kika raini ɗana. Dalva ta ce, "Ke dai ba ki da kunya, tsohuwa na yi miki bauta kina aika mata da tsawa." Gaskiya ta faɗa, na ji kunya ƙwarai.

Hutun Oktoba bai samu ba, sun ce sai Kirsimeti. Ki ɗaukar mini hotonsa kafin aski da bayan aski.

'Yarki mai baki,
Aurineide

*

São Paulo, ƙarshen Satumba 1987

Goggo,

Ki sa mini albarka. Lafiya kuwa? Wannan ce ta uku ba amsa. In fushi kike yi da ni, ki yi, na cancanta, amma ki sa Edivan ya zana mini ko da akuya ce a bayan takarda. Da kullum yana zana mini wani abu. Me ya sa ya daina?

Aurineide

*

Fortaleza, Oktoba 1987

Neide,

Allah ya yi miki albarka. Ina lafiya. Edivan yana raye, an yi masa aiki, ya farfaɗo, ya sha ruwa. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi ihu.

Mun cika alkawari. Mun tafi Canindé a motar Seu Aldemir, ana waƙa tun daga gida. Yaron ya sa rigarsa ta waliyyi, a cinyata ya yi tafiyar don ba ya iya zama sosai. A Ɗakin Al'ajibai, inda waɗanda suka warke ke ajiye ƙafafun katako da kawunan kakin zuma don godiya, na yanke kitson da hannuna na ajiye. Shekara bakwai cif, ko silin gashi ɗaya bai yi ciwon kai ba. Daga nan ban koma gida ba, na wuce da shi asibiti kai tsaye, na ce musu, "Ga kan nan, waliyyi ya karɓi nasa, ku yanka inda kuke so."

Dokta Evandro ya yi mini tsawa a gaban jama'a kamar ya samu 'yarsa. Tunda zai gaya miki da bakinsa, gara ki ji daga nawa. A Yuli ya ce tiyon ya fara toshewa, yana so a kwantar da yaron a ranar a canza. Na ce to. Sai ga wata ma'aikaciya da reza. Na ce, "Me za ki yi da wannan?" Ta ce, "Bayan kunne kawai za mu aske, Dona Gercina." Na ce gashin yana da mai shi. Ta yi dariya ta ce, "Waliyyi ba zai ƙirga ba." Na ce bari in kai yaron ya yi fitsari, muka bi ta ƙofar baya. Ƙwayoyin ciwon kai a kantin magani na saya.

Ban yi miki ƙarya ba, ki duba takardata. Kuma ba ki san abin da na sani ba. Mijina Otacílio ya yi bakance zai taka har Canindé a ƙasa in aka yi ruwa. Aka yi ruwa, ya hau mota ya je, ya ce waliyyi zai gane. Shekara ba ta zagayo ba na wanke gawarsa. Ke kina ganin zan bari a shiga da yaron nan ƙarƙashin wuƙa da karyayyen alkawari a kansa? Wa zai fito da shi? Na auna wata uku da ransa gaba ɗaya, na zaɓi ransa. Ga shi kuwa yana numfashi.

Sai dai maganar ido. Tun Satumba yake tuntuɓe, na ɗauka gashi ne ke rufe masa fuska, na riƙa ɗaure masa shi baya. A Canindé muna tsaye gaban kyandirori, sun fi dubu, zafinsu har yana dukan fuska, sai ya ja rigata ya ce, "Dinda, yaushe za a kunna?" Likita yana ta faɗin maganganu a kai, ni ban karɓa ba. Waliyyi ba ya rabin aiki, idon zai dawo.

Ki zo. Suna son uwarsa.

Goggonki,
Gercina

*

Fortaleza, Nuwamba 1987

Goggo Gercina,

Ina lafiya. Edivan na samun sauƙi, ciwon kan ya tafi, an cire zaren ɗinki. Ina fata kin isa gida lafiya. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan.

Ranar da na iso na tarar da ke a bakin gadonsa, ban ce miki komai ba, na nuna miki ƙofa kawai. Mutanen ɗakin sun ce ba ni da tarbiyya. Ba su san cewa da na buɗe baki a ranar, da abin da zai fito ba ya maiduwa ba. Yanzu zan faɗa a takarda, ki karanta a zaune.

Idon ba zai dawo ba. Dokta Evandro ya zaunar da ni ya ce ruwan da ya taru ya yi ta danne jijiyar ido har ta mutu, kuma ita ba ta tsirowa kamar gashi. Ya ce a Yuli jijiyar ta kumbura ne kawai, yaron yana gani sarai, har ya karanta masa haruffan bango. Na ce, "Dokta, da an yi a ranar fa?" Ya cire tabarau. Na ce, "Ka faɗa mini, ni ba yarinya ba ce." Ya ce, "Da yanzu yana makaranta." Na ce ya nuna mini iyakar inda za su aske. Ya zagaya da yatsa a bayan kunnen. Goggo, bai kai tafin hannun yaron ba.

Kin ce ba ki yi mini ƙarya ba. Haka ne, kin zauna kin tsince gaskiya kamar mai tsintar wake, kika aiko mini da wadda ba za ta tashe ni ba. "Za mu koma a Oktoba." Kin san yadda zan karanta shi. Na ce kada ki rage komai, kika rage ɗana. Abin da ya fi ci mini rai, na rubuto na ba ki haƙuri. Na kira kaina marar kunya. Kika karɓi takardar kika karanta, yaron yana kwance kusa da ke duniya na dushe masa, kika ninke ta kika yi shiru.

Da kin faɗa mini, da na zo na ɗauki nauyin bakancen a kaina. Da na aske nawa kan, da na ja gwiwa daga Serrote Branco har Canindé, in waliyyi na son ramuwa ya rama a kaina, ni na haife shi. Fada ɗin da ke zagaya marasa lafiya a nan ya ce da kin tambayi kowane firist, da ya ce a aske a kai ragowar. Ba ki tambaya ba, ni ma ba ki tambaye ni ba, don kin san abin da za mu ce. Kin ci amanata, Goggo. Ban san wata kalma da ta fi wannan sauƙi ba, kuma ba na nema.

Na bar aikin. Ba zai sake kwana a gidanki ba.

Amma ga abin da ya sa nake rubutowa, kuma ina rubutawa ne kamar ina haɗiye ƙusa. Tun da kika tafi ba ya cin abinci. Ya rame, likita ya fara maganar ƙarin ruwa. In na kai cokali bakinsa sai ya kau da kai ya ce, "Ba haka Dinda ke yi ba." Jiya ya miƙo hannu ya shafa fuskata, goshi, hanci, baki, a hankali. Ya ce, "Ke ce ta São Paulo?" Na ce, "Ni ce mamanka." Ya ce, "Ki yi haƙuri, na manta yadda kike." Sannan ya ce, "Dinda ina ganinta har yanzu, ko a duhun nan. Yaushe za ta zo?"

Ki hau motar farko. Ki zo da kuskus ɗinki da madarar akuya. In kin shigo zan fita baranda, kada ki bi ni, kada ki yi mini magana, ki ba shi abinci kawai. Ko shekara ɗari zai yi a duniya, in aka ce masa uwa, fuskarki zai gani, tawa kuwa ba zai taɓa sanin ta ba. Wannan ma kin ƙwace mini, kuma duk da haka ina roƙonki ki zo.

Aurineide